Daga Zanen Rairayi zuwa Taswirar Kwamfuta: Awon Ƙasa da Koyar da Labarin Ƙasa a Ƙasar Hausa

Gabatarwa

Sunan da aka laƙaba wa fannin jogarafi a Hausa tun zamanin makarantun elemantare shi ne labarin ƙasa. Sunan kuwa ya dace da hanyar da aka daɗe ana samun wannan ilmi, watau ta bakin wanda ya je ya gani, ya komo ya ba da labari, ko falke ne, ko mahajjaci, ko manzon sarki. Ita kuma taswira kalma ce da aka aro daga Larabci, ma'anarta ta asali surantawa. A yau ɗalibin wannan fanni a Zariya ko Kano ko Sakkwato ko Yamai yana iya zama gaban kwamfuta ya buɗe hoton garinsu kamar yadda tauraron ɗan'adam ya ɗauko shi, ya gane rufin gidansu, ya auna faɗin gonar gandu, alhali bai taka ko'ina ba. Wannan ya sa tambaya ta taso ko fita da ɗalibai fili har yanzu tana da amfanin da ya kai kuɗin mota da wahalar rana. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi tarihin awon ƙasa a ƙasar Hausa na kimanin shekara 200, don a ga ɓangaren aikin da na'ura ta karɓa a kowane zamani, da wanda ya rage a hannun mai tafiya yana tambaya.

Taswirar Sarkin Musulmi Bello

Tun kafin zuwan Turawa akwai ilmin ƙasa iri biyu a nan. Na farko shi ne na fatake, waɗanda ke auna nisa da zango. Madugun ayarin Gwanja ya san zango nawa ne daga Kano zuwa Salaga, ya san inda rijiya take, da inda ake biyan fito, da mashigin da ba ya ƙetaruwa da damina. Na biyu shi ne na malamai, waɗanda suka gaji littattafan Larabawa na lissafin taurari da tsarin ƙasashe, suna kuma bukatarsu don sanin alƙibla da lokutan salla. Waɗannan biyun sun haɗu a wurin Muhammadu Bello, wanda ya buɗe littafinsa Infaƙul Maisuri, da ya kammala a 1812, da bayanin ƙasashen Tukururu ɗaya bayan ɗaya, da mutanensu, da abin da kowace ke da shi.

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya iso Sakkwato, lokacin Bello yana Sarkin Musulmi. Babbar bukatar Ingilishi a wannan zamani ita ce sanin inda Kogin Kwara ya ƙare, domin an yi shekaru ana gardama a Turai, wasu na cewa ya ɓace cikin tafki a tsakiyar Afirka, wasu na cewa shi ne ya zama Nilu. Clapperton ya nuna wa Bello kayan awonsa na rana da taurari, ya kuma tarar Sarkin Musulmi ya san burujai da taurari masu yawa da sunayensu na Larabci. Bisa ga abin da Clapperton ya rubuta, Bello ya zana masa hanyar kogin a kan rairayi, ya nuna yana faɗawa cikin teku. Amma taswirar takarda da aka ba shi daga baya, wadda aka buga a Landan a 1826 cikin littafin tafiyarsa da Denham, ta karkata kogin gabas, ta haɗa shi da Nilun Misira. Sai a 1830 'yan'uwan nan biyu, Richard da John Lander, suka bi kogin da kwalekwale har teku, suka tabbatar zanen rairayin ne ke da gaskiya.

Masana tarihin taswira sun yi ta muhawara a kan wannan saɓani. Wasu na ganin malamin da ya zana ta takarda ya bi abin da ya karanta ne a tsofaffin littattafan Larabawa, waɗanda ke haɗa manyan kogunan Afirka da Nilu. Wasu kuwa na ganin da gangan ne, watau fadar Sakkwato ta farga cewa nuna wa baƙo mai jiragen ruwa da igwa ƙofar shiga ƙasa ba dabara ba ce. Ko wanne aka ɗauka, darasin da ke ciki ga mai koyarwa ɗaya ne. Taswira magana ce ta wani zuwa ga wani, tana da mai ita, tana da abin da yake so a sani da wanda yake so a bari. Da wuya a sami abin da ya fi wannan taswira dacewa da buɗe darasin farko a ajin taswirar kwamfuta, domin ɗalibin da ya fara da ita zai koyi tambayar wa ya zana kafin ya tambayi me aka zana.

Heinrich Barth, ko Abdulkarimu, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851. Shi bai auna taurari ba. Kayan aikinsa kamfas ne da agogo da littafin rubutu: duk inda hanya ta karkata ya rubuta kusurwa da lokaci, daga saurin tafiyar raƙumi kuma a fitar da nisa. Da waɗannan ne August Petermann ya tsara taswirorin da suka fito cikin mujalladai 5 na littafinsa a 1857 da 1858. Sai dai wuraren da Barth ya taka da ƙafarsa siririn zare ne kawai a kan waɗannan taswirori. Sauran filin ya cika shi ne da jerin zangunan da ya karɓa daga bakin fatake da alhazai da malamai, yana jin Hausa, yana tambayar mutum biyu ko uku hanya ɗaya don ya gwama. Har sunayen unguwannin Katsina ya jera. Wannan shi ne abin da ake kira tattara bayanai a fili, kuma tsarinsa bai sāke ba har yau: awo daga na'ura, suna da ma'ana daga bakin mutane.

Iyaka, taki da makaranta

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta nuna abin da ke faruwa idan aka yi awo babu tambaya. A birnin Faris aka zana bakan da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, aka ce shi ne iyaka a wannan sashe. Da Faransawa suka zo bi, sai suka tarar hanyar da aka bar musu daga Kwara zuwa Damagaram ba ta da isassun rijiyoyi. Dole aka sāke zama a 1904 da 1906, sa'an nan tawagar Tilho da O'Shee ta bi ƙasa tsakanin 1906 da 1908 tana kafa alamu 148 daga Kwara zuwa Tafkin Cadi. Wannan layi ne ya bar Maraɗi a wani gefe Katsina a wani, ya kuma raba Gobirawan Tsibiri da na Sabon Birni.

A cikin gida kuwa, awon ƙasa ya shigo wa talaka ne ta ƙofar haraji. A farkon mulkin Turawa aka fito da tsarin taki a ƙasar Kano, inda malaman taki ke taka tsawo da faɗin gona suna ƙirgawa, a yanka wa mai ita haraji gwargwadon girmanta. Takun mutane ba ɗaya ba ne, zuciyarsu ma haka, saboda haka koke ya yi yawa, daga baya aka koma ga ma'aikatan safiyo na En'e masu sarƙar awo. Wannan tarihi bai gushe daga zukata ba. Manomin da ya ga baƙon yaro tsaye a iyakar gonarsa yana danna waya yana rubutu, abin da zai fara zuwa masa shi ne ko hukuma ce ke shirin karɓe filin. Malamin da ya fita da ɗalibai bai fara kai gaisuwa wurin dagaci da mai unguwa ba, amsoshin da zai samu na kare kai ne.

Makarantar da Hanns Vischer, watau Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 da Hausa take koyarwa, labarin ƙasa kuma yana cikin darussanta. Amma Kwalejin Katsina, da aka buɗe a 1922, da Turanci ta yi aiki, kuma yayin da jarrabawar ƙetare ta zama ma'aunin nasara, sai fannin ya karkata ga hadda. Ɗalibi na iya jera kogunan Ingila da tafkunan Amurka ta Arewa, bai taɓa zana hanyar da ta taso daga gidansu zuwa kasuwa ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, hukumar safiyon ƙasashen mulkin mallaka da Ingila ta kafa a 1946 ta shiga ɗaukar hotuna daga jirgin sama, daga cikinsu aka fitar da taswirori masu ma'aunin 1:50,000, watau santimita 2 a takarda daidai da kilomita 1 a ƙasa. Su ne suka zama abin karatun taswira a sakandare. Sun kawo ci gaba sosai, amma karatun ya tsaya a teburi, ana auna nisa da zare a kan garin da ɗalibi bai taɓa gani ba.

A nan ne kuma sunaye suka sha wuya. Mai safiyo ya rubuta abin da kunnensa ya ji da haruffan harshensa. Sakkwato ta zama Sokoto, Tsafe ta zama Chafe, Ƙanƙara ta rasa ƙugiyoyinta. A ɗaya gefen iyaka Tasawa ta zama Tessaoua, Tawa ta zama Tahoua, Tsibiri ta zama Tibiri. Haruffa masu ƙugiya sun shiga rubutun boko a ƙarshen shekarun 1930, amma ba su shiga taswira ba, kuma daga waɗannan tsofaffin taswirori ne manyan taskokin sunaye na kwamfuta suka kwashi da yawa daga abin da suke ɗauke da shi.

Hamada da itatuwa

Gardamar gusowar hamada ita ce ta fi nuna amfanin komawa wuri ɗaya ana dubawa. A 1934 wani masanin gandun daji, E. P. Stebbing, ya ratsa yankin iyakar Nijeriya da Nijar da rani, ya ga rairayi da busassun itatuwa, ya buga a 1935 cewa Sahara na tahowa kudu. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta bi yankin a 1936 zuwa 1937 ba ta sami shaidar haka ba. Duk wanda ya san yadda ƙasar Daura take a watan Maris da yadda take a watan Agusta zai gane inda kuskuren ya fito.

Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello tun kafuwarta a 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero a 1979, ya bi wata hanya dabam. Nazarinsa da J. Wilson na karkarar Kano, wanda ya fito a 1965, ya haɗa hotunan jirgin sama da bin gonaki ɗaya ɗaya ana tambayar masu su. Bayan farin farkon shekarun 1970 ya riƙa komawa ƙauyen Dagaceri shekara bayan shekara, abin da ya haifar da littafinsa Adapting to Drought a 1989. Hoton sama ya nuna masa gonaki sun cika ƙasa babu saura. Amma jakunan da ke kai itace birni su komo da taki, da yadda manomi ke barin ɗorawa da gawo da kuka a gona yana kiwonsu, waɗannan sai da aka tsaya aka gani. Polly Hill ma ta yi irin wannan a Batagarawa a 1967, kuma babban sashe na littafinta Rural Hausa na 1972 sharhi ne a kan kalmomin Hausa na noma da ƙasa da sana'a, domin ta gane cewa rabe-raben da manomi ke aiki da su suna cikin harshensa.

Na'urorin zamani sun zo a jere cikin ɗan lokaci. An fara haɗa taswira da taskar bayanai a kwamfuta a Kanada cikin shekarun 1960, ƙarƙashin Roger Tomlinson. Amurka ta harba tauraron Landsat na farko a 1972. Tsarin gano matsayi ta tauraron ɗan'adam, wanda ake kira ji-fi-es, yana lissafa inda mutum yake ne daga lokacin da saƙon taurari aƙalla 4 ya ɗauka kafin ya iso shi. Sojan Amurka sun riƙa gurɓata saƙon da gangan har watan Mayu na 2000, lokacin da aka daina, kuskuren ya sauko daga wajen mita 100 zuwa 'yan mitoci. Nijeriya ta harba NigeriaSat-1 a 2003, OpenStreetMap ta fara a 2004, Google Earth a 2005, aka kuma saki hotunan Landsat kyauta a 2008. Da wayar hannu ta haɗa kamfas da kyamara da manunin matsayi wuri guda, kayan da Barth ya ɗauko a raƙumi sun koma aljihun ɗalibi.

Duk da haka, babban canjin da ya auku a ƙasar Maraɗi da Damagaram ya daɗe bai bayyana ga masu duban sama ba. Tun daga 1983, lokacin da Tony Rinaudo ya fara ƙarfafa wa manoman Maraɗi gwiwa su bar tohon kututture ya girma maimakon sassabe shi, itatuwa suka riƙa komowa gonaki. Kowane ɗigo na hoton Landsat na farko yana wakiltar fili mai faɗin kusan mita 80, na baya kuma mita 30, saboda haka itacen da ke tsaye shi kaɗai a gona ba ya fita. Sai a tsakiyar shekarun 2000, da Gray Tappan da Chris Reij da abokan aikinsu 'yan Nijar suka gwama hotunan jirgin sama na 1975 da sababbi, suka kuma bi ƙauyuka, aka ƙiyasta fili mai kimanin hekta miliyan 5 ya farfaɗo. Gawo ma yana da nasa halin da ke ruɗa baƙo: da damina yake zubar da ganye, da rani ya yi kore. Wanda bai san wannan ba, ya zaɓi hoton watan Agusta don ƙirga itatuwa, zai rasa wanda ya fi yawa a ƙasar Damagaram.

Ƙauyukan da ba su cikin taswira

A 2012 Nijeriya ta sami yara 122 da ƙwayar shan inna ta daji ta kama, daga cikin 223 na duniya duka, kusan dukansu a Arewa. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne taswira. Masu allurar rigakafi suna aiki ne da zanen hannu da ake yi a kowace gunduma, zanen da ke nuna manyan garuruwa ya manta da ƙananan unguwanni da rugage, musamman waɗanda ke bakin iyakar gundumomi biyu, inda kowane ɓangare ke zaton na ɗayan ne. Daga wannan shekara aka fara zana sababbin taswirori na Kano da maƙwabtanta daga hotunan tauraro, aka kuma ba tawagogi wayoyin da ke ajiye sawun inda suka bi. Hoto ya nuna rufin ɗakuna a inda zanen hannu ya bar fili. Amma rufin ɗaki ba shi da suna, ba ya kuma faɗin dagacin da yake bi, ko mazauna suna nan duk shekara ko makiyaya ne da za su tashi da kaka. Sai da aka tura mutane suka tsaya a tsakiyar kowane gari, suka ɗauki matsayinsa, suka tambayi sunansa. A nan kuma aka ci karo da yawan Sabon Gari da Tudun Wada da Unguwar Sarki, da garin da ke da suna ɗaya a bakin mazauna wani kuma a takardar ƙaramar hukuma. An ga na ƙarshen kamuwa da ƙwayar ta daji a Barno a 2016, aka kuma tabbatar da kawar da ita daga Afirka a watan Agusta na 2020.

Manhajar babbar sakandare da aka fara aiki da ita a Nijeriya a 2011 ta shigar da gabatarwa ga taswirar kwamfuta cikin darasin labarin ƙasa. A makarantar da babu lantarki, haɗarin shi ne wannan ma ya koma hadda, ɗalibi ya iya ma'anar kalmomi bai taɓa ɗaukar matsayin rijiya ɗaya ba. A jami'a kuwa haɗarin wani ne. Manhajojin kyauta irin su QGIS da KoboToolbox sun sauƙaƙa aikin ƙwarai, har ɗalibi na iya fitar da taswira mai launi bakwai ta ƙaramar hukumar da bai taɓa kwana cikinta ba, da rabe-raben ƙasa da ya tarar a cikin manhajar: gona, ciyawa, daji, fili, ruwa.

Manomin Bahaushe ya fi haka rarrabewa. Yana bambanta jigawa mai rairayi da saukin huɗa daga dabaro mai baƙar laka da ke tsagewa da rani, da fako wanda ruwa ke gudu a kansa bai shiga ba, da marmara. Yana bambanta karkara da ake nomawa kowace shekara daga saura da aka bari ta huta, kuma a hoton rani duka biyun launinsu ɗaya. Burtali a hoto siririn layi ne kamar kowace turba, alhali toshe shi na iya jawo rikicin da ake rasa rayuka. Kalmar fadama ta fi ƙarfin fassara, har Turanci ya are ta, ta zama sunan babban shirin noman rani na ƙasa tun farkon shekarun 1990. Sauran kalmomin ba su sami wannan gata ba, kuma nan ne sashen Hausa ke da aiki a cikin abin da ake ɗauka na sashen labarin ƙasa ne shi kaɗai. Fom ɗin da ake loda wa ɗalibi a waya kafin ya fita ana iya tsara shi da Hausa, da gurbin sunan wuri kamar yadda mazauna ke faɗinsa da cikakkun ƙugiyoyinsa, da gurbin sunan da ke takardar hukuma, da gurbin nau'in ƙasa a bakin mai gonar. Wayar tana ɗaukar murya, saboda haka ana iya ajiye furucin sunan daga bakin dattijon garin, da karin sautinsa da tsawon wasulansa, waɗanda rubutun yau da kullum ba ya nunawa. OpenStreetMap tana karɓar sunan wuri da harshe fiye da ɗaya, tana kuma karɓar ƙ da ɗ da ɓ, saboda haka ajin da ya yi mako guda a gunduma ɗaya yana iya komowa ya shigar da Ƙanƙara da Maraɗi da Tsafe yadda masu su ke kiran su.